Gawayin ƙwallon dabino da ruwan shuɗi: yadda muka bi sawun radikal a wani ɗakin gwaji a Jidda

Da kwalba biyu ya shigo mini bayan sallar La'asar. Ɗaya ruwanta shuɗi ne kamar an ɗebo daga marinar Ƙofar Mata, ɗayar kuwa fari tas. Ya dire su a kan teburina ya ce, "Kawu, duba. Minti talatin kacal."

Ɗan Kano ne, ya zo Jidda yin digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, ni kuma ni ke kula da na'urorin ɗakin gwajin da aka tura shi. Kawu yake ce mini tun ranar da ya ji na amsa waya da Hausa ya tsaya baki sake yana kallona. Bai san a Makka aka haife ni ba, wajejen Shara Mansur, kuma kakana a ƙafa ya zo aikin Hajji ta Sudan, bai koma gida ba.

Aikin da yaron ya zaɓa mai kyau ne. Saudiyya na noman dabino sama da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, ƙwallonsa kuwa yawanci shara ne. Cikin azumi ya bi masallatai bayan buɗe-baki ya tara buhu guda. Ya wanke, ya shanya, ya ƙona a tanderun da ba ya barin iska ta shiga har ya zama gawayi, ya niƙa, sannan ya jiƙa garin da ruwan gishirin ƙarfe ya sake gasawa. Burinsa shi ne in aka barbaɗa wannan gari a gurɓataccen ruwa, aka ɗiga haidirojin faroksaid, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, ƙarfen da ke jikin gawayin ya fasa faroksaid ɗin, abin da ya fito kuma ya cinye rini da sauran dattin masana'anta. In an gama a tace garin a sake amfani da shi.

Abin da ake sa ran zai fito ɗin shi ne radikal na haidiroksil. Ilektiron a cikin ƙwayar sinadari bibbiyu suke zama. In aka sami ƙwayar da ɗaya ya rage a cikinta shi kaɗai, gwauro, ita ake kira radikal, malaman nan Larabawa su ce al-juzurul hurra. Gwauron nan ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da ya tarar kusa sai ya fizge masa ilektiron ko ya manne masa. Haidiroksil, wanda oksijin ɗaya ne da haidirojin ɗaya, yana cikin mafiya zafin nama a cikinsu. A ruwan da ke da wani abu narke a ciki, rayuwarsa ba ta wuce 'yan kashi cikin miliyan na daƙiƙa ba, sau da yawa ma ƙasa da haka. Ba a ɗura shi a kwalba, ba a kai shi wani ɗaki a auna. Tun 1894 Fenton ya lura a Ingila cewa ƙarfe da faroksaid in sun haɗu suna cin asid ɗin tatarik, amma sai a 1934 Haber da Weiss suka kawo bayanin cewa haidiroksil ne ke wannan aiki.

Da yaron ya kai kwalaben wurin Dakta mai duba aikinsa, bai ko ɗaga su ba. Ya ce masa launi ya tafi, ya yarda, amma wa ya ce radikal ne ya tafi da shi? Ya dawo wurina ransa a ɓace. Na ce masa, "Ɗana, kai da kake Bakano, ai ka san ganin Dala ba shiga birni ba ne."

Rinin da ya ƙaura

Mun fara da abin da ba ya cin ko riyal ɗaya. Kwalba uku: ta farko rini da gawayi ba faroksaid, ta biyu rini da faroksaid ba gawayi, ta uku duka. Rinin metilin bulu ne, wanda na'urar auna launi ke karanta shi a nanomita 664, ma'aunin tsawon igiyar haske ke nan. Ta biyu ba ta canza sosai ba. Ta farko kuwa, wadda babu yadda za a yi radikal ya fito a cikinta, sai ga shi ta yi haske ƙwarai. Muka tace garin, muka wanke shi da barasar gwaji, sai ga shuɗi na tsiyaya daga takardar tacewa. Rinin bai mutu ba, ƙaura ya yi daga ruwa ya lafe a ramukan gawayi. Gawayi dama aikinsa ke nan, shi ya sa ake sa shi a matatar ruwan sha.

Daga ranar ya canza tsari: a bar gawayin ya sha rini ya ƙoshi tukuna, ana juyawa a duhu har karatun na'ura ya tsaya cak, sannan a ɗiga faroksaid a fara ƙirga lokaci. Na kuma hana shi wata ɗabi'a da ɗalibai ke yi. Sai su ɗebi samfur a minti na biyar, su jera shi a layi, ba za a auna ba sai bayan minti ashirin, alhali aikin na ci gaba a cikin ƙaramar kwalbar. Dole a kashe shi nan take, a ɗiga metanol ko a ɗaga pH ɗin, wato a rage tsamin ruwan. Da ya gyara wannan, layin da ke kan takardarsa ya rage kyau, amma ya zama na gaskiya. Kuma bayan an cire rabon gawayi, akwai sauran launi mai yawa da ke tafiya sai in an sa faroksaid. Ke nan akwai wani abu.

Gwaji na gaba shi ne a jefa wa abin nan wani nama ya shagala da shi. Tat-butanol, wata irin barasar gwaji, na haɗuwa da haidiroksil da sauri ƙwarai, don haka in an zuba shi da yawa zai kwashe radikal ɗin kafin ya kai ga rini. Aka zuba, launi ya ƙi tafiya sai kaɗan. Yaron ya so ya rufe babi a nan, kuma takardu da yawa da ake bugawa a nan suke tsayawa. Ni ban gamsu ba, Dakta ma haka. Barasar da aka zuba mai yawan gaske tana iya cike ramukan gawayi, ta tare wurin da faroksaid zai zauna. In aiki ya tsaya, ba ka san ko radikal ta cinye ko hanya ta toshe ba.

Daren da ya yi zaton aikinsa ya rushe

Hanya ta biyu ita ce a sa wani sinadari wanda shi kansa ba ya ƙyalli, amma in haidiroksil ya taɓa shi sai ya koma abu mai ƙyalli. Wanda aka fi sani shi ne asid ɗin terefitalik. In radikal ya manne masa, sabon abin da ya samu, in an haska shi da haske mai nanomita 315, yana mayar da shuɗin haske a wajen 425. Yaron ya samo yadda ake haɗawa daga wata takarda, ya bi ta layi-layi, ya kai na'urar auna ƙyalli. Layi ya fito a shimfiɗe kamar tabarma. Ya sake, haka. Ya sake na uku.

Wajen ƙarfe goma na dare ya kira ni. "Kawu, ke nan babu radikal ɗin gaba ɗaya? Wata shida na yi a banza?"

Da safe na ce ya kawo mini kwalbar. Tun kafin na taɓa ta na ga wani jan ƙasa-ƙasa ya kwanta a gindinta kamar tsatsa. Na tsoma takardar pH, ta nuna wajen 11. Nan matsalar take. Asid ɗin terefitalik ba ya narkewa a ruwa mai tsami, don haka ana narkar da shi ne a ruwan soda mai ƙarfi, kuma takardar da ya kwafa ta masu aiki ne da farin garin taitaniyom da hasken fitila, wanda wannan bai dame su ba. Shi kuwa haɗin Fenton, wato ƙarfe da faroksaid, a pH wajen 3 yake aiki. Da zarar ruwa ya bar tsami, ƙarfe ya dunƙule ya zama tsatsa ya kwanta. Yaron da hannunsa ya kashe abin da yake son aunawa, sannan ya auna gawar.

Muka koma ga kumarin, wani farin gari mai ƙamshi kamar sabuwar ciyawar da aka yanka ta fara bushewa. Shi yana zama a ruwa mai tsami ba matsala. In haidiroksil ya kama shi a wani gurbi na musamman, sai ya ba da abin da ake haskawa a wajen 332 ya amsa a wajen 456. Wannan karon layi ya tashi, kuma yana ƙaruwa da lokaci: minti biyu, biyar, goma. Da aka sa tat-butanol ya faɗi. Da aka cire faroksaid bai tashi ba sam. Na gargaɗe shi dai kada ya ce zai ƙirga yawan radikal da wannan, domin haidiroksil na kama kumarin a gurabe daban-daban, ɗaya ne kawai ke ƙyalli sosai, kuma in aka daɗe shi ma mai ƙyallin ana cinye shi, layi ya fara saukowa.

Layi huɗu

Dakta ya ce yana son EPR. Ita ce na'urar da ke ganin gwauron ilektiron kai tsaye, domin ilektiron in yana shi kaɗai yana yin hali irin na ɗan ƙaramin maganaɗisu. Ana sa samfur tsakanin manyan maganaɗisu biyu, a aika masa igiyar maikurowef mai ƙarfin wajen gigahaz 9.5, a riƙa canza ƙarfin maganaɗisun a hankali. A wajen gaus 3,400, ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ke nan, gwauron zai sha igiyar, na'ura ta zana layi. Zavoisky ne ya gano wannan a Kazan ta Rasha a 1944. Ba mu da ita a sashenmu. Sai da aka cike takarda aka jira makonni kafin aka ba mu rabin yini a wani ɗakin gwaji.

Ruwa abokin gabar wannan na'ura ne. Dalilin da ya sa maikurowef ɗin kicin ke ɗumama shayi, shi ne ya sa ruwa ke shanye igiyar na'urar ta kasa daidaita. Saboda haka ba a cika bututu da samfur yadda ake yi da gari. Wani siririn bututun gilashi ake amfani da shi, kamar tsinken tsintsiya, ya zuƙi abin da bai kai ɗigo biyu ba, a toshe gindinsa da ɗan yumɓu. Yaron ya fasa uku kafin hannunsa ya saba.

Ko da na'urar, haidiroksil ya riga ya mutu kafin a rufe murfi. Dabarar da aka samo a ƙarshen shekarun 1960, wadda sunan Janzen ya fi fita a kanta, ita ce a ɗana masa tarko. Ana zuba wani sinadari, mu DMPO muka yi amfani da shi, wanda ke cafke radikal ɗin su zama sabon radikal mai nauyin jiki da ke rayuwa mintoci. Kowane radikal da irin zanen da yake bari. Na haidiroksil layi huɗu ne, na tsakiya biyu sun ninka na gefe tsawo, wato 1:2:2:1, tazarar da ke tsakaninsu wajen gaus 14.9.

Tun kafin mu kai ga sakamako muka ci karo da tangarɗa biyu. Kwalbar DMPO da muka samu a firiji ta yi rawaya, alhali mai kyau ba shi da launi. Zafi da haske da iska na lalata shi, shi ya sa ake ajiye shi a daskare. Da aka auna shi shi kaɗai a ruwa ya ba da nasa layukan. Sai da aka tace shi da gawayin gwaji kafin ya yi shiru. Na biyu, garin ƙwallon dabinon kansa in ya shiga bututu yana ba da wani faffaɗan layi guda a tsakiya, domin gawayi na ɗauke da gwaurayen ilektiron da suka maƙale a jikinsa tun daga tanderu, ba sa mutuwa. Dole a tace samfur da sauri kafin a zuƙa.

Da aka yi komai daidai, sai ga su a allon kwamfuta: gajere, dogo, dogo, gajere. Yaron ya ɗauki hoto ya tura wa mahaifiyarsa a WhatsApp, ita da ba ta san ko mene ne ba ta amsa da addu'a mai tsawo.

Mai kula da na'urar, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ce a yi masa samfur ɗaya: ruwa, DMPO, da gishirin ƙarfe mai caji uku, ba faroksaid ko ɗigo. Aka yi. Layi huɗu suka fito. Ƙanana ne, amma su ne, tazararsu ɗaya.

Wannan sananniyar yaudara ce ga masu wannan aiki. Ƙarfe mai caji uku yana iya sa ruwa kansa ya manne wa DMPO, daga nan a sami ainihin abin da haidiroksil zai samar, ba tare da wani radikal ya taɓa yawo a ruwan ba. Akwai ma wata hanyar: in sufa'oksaid ne, wani radikal na oksijin, tarkon ya kama, abin da ya kama ɗin ba ya wuce kamar minti guda, kuma yana iya barin wannan zane mai layi huɗu a bayansa. Ke nan hoton da ake mannawa a takardu a ce ga hujja, shi kaɗai bai isa shaida ba.

Yadda ake raba gardama shi ne a sa wani ruwan sinadari da ake kira DMSO mai yawa a cikin haɗin. In da gaske akwai haidiroksil sake a ruwa, zai fi cin karo da DMSO kafin tarko, ya ɓalle masa wani guntu da ake kira metil, shi kuma metil ɗin ya faɗa tarko. Zanensa daban ne: layi shida masu tsawo ɗaya. Muka gwada duka biyun. A samfurin da babu faroksaid, layi huɗu suka zauna yadda suke. A samfurin yaron, huɗun suka ƙanƙance, shida suka fito. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce mabruk, ya kashe na'ura domin lokacinmu ya cika.

A nan ne ya kamata labarin ya ƙare da shan shayi da tsire, wanda Larabawan Hijaz suka karɓa daga hannun iyayenmu har suna kiransa sire. Mun ci tsiren kuwa. Amma gwajin dattijon ya bar mini tambaya a rai: shi da ya zaɓi narkakken ƙarfe ya gwada, me ya gani a samfurinmu?

Ƙarfen da ya sauka daga gawayi

Washegari na ce yaron ya juya gawayinsa a ruwa mai pH 3 na rabin awa, ba rini ba faroksaid, sannan ya tace da matata mai ramin maikuromita 0.22, wadda ko ƙurar gari ba ta wucewa. Ruwan ya fito garau. Muka raba shi biyu. A rabi na farko muka ɗiga haidiroksilamin, mai mayar da ƙarfe mai caji uku zuwa mai caji biyu, sannan fenantirolin, sinadarin da ke yin ja-ja kamar ruwan lemo in ya haɗu da ƙarfe mai caji biyu, ana karanta shi a nanomita 510. Ba mu ma buƙaci na'ura ba, ido ya gani. A rabi na biyu muka zuba rini da faroksaid. Babu ko ƙwayar gawayi a ciki, amma shuɗin ya dusashe kusan da saurin da yake yi in garin na nan.

Yaron ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan ya ce, "Ke nan gawayin nawa cokali ne kawai, Kawu. Ɗebo ƙarfe yake yi ya zuba a ruwa."

Kusan haka ne. Radikal ɗin gaskiya ne, kumarin ya faɗa, EPR ta tabbatar. Amma yawancinsa ba a jikin gawayi ake haifarsa ba. Tsamin ruwan ne ke narkar da ƙarfen ya sauko, daga nan kuma Fenton ne irin na 1894, wanda kowa zai iya yi da gishirin ƙarfe na 'yan riyal. Wannan ya bayyana wani abu da yaron ya gani tun da farko ya ɗauka kuskuren awo ne: duk lokacin da ya sake amfani da garin, ƙarfinsa raguwa yake yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan lamari shi ne na'urar da muka jira makonni ba ita ta yanke hukunci ba. Ta amsa tambayar da aka yi mata, wato akwai haidiroksil ko babu, amma ba ta san daga ina ya fito ba. Takardar pH, matata, da kwalbar da aka bari ba faroksaid, su ne suka kama kurakurai uku mafi girma. Ina faɗin haka ne saboda ɗaliban da ke Kano ko Zariya ko Yamai da kan rubuto wa yaron suna cewa ba su da EPR, don haka aikinsu ba zai yi daraja ba. Wanda yake da kumarin da na'urar auna ƙyalli, ya kuma yi haƙurin jera kwalaben shaida, ya fi mai hoton layi huɗu da bai gwada komai a gefensa ba.

Gwaji na ƙarshe Dakta ne ya nema, tunda a bakin Bahar Maliya muke, kuma yawancin ruwan da Jidda ke sha daga teku ake tace shi. Ruwan tekun nan gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita. Yaron ya ɗebo jarka guda daga bakin ruwa. Da farko ma sai da ya sha asid fiye da ruwan gwaji kafin ya sauko pH 3, saboda baikabonet ɗin da ke ciki. Da aka yi haɗin, launi ya tafi a hankali, amma ƙyallin kumarin ya yi rauni ƙwarai. A ruwa mai tsami, kuloraid ɗin da ke cikin gishiri na karɓe haidiroksil ya mayar da shi radikal na kulorin, wanda bai kai shi zafi ba kuma yana zaɓen abin da zai ci. Rini yana iya dusashewa a hannunsa, sai dai akwai fargabar ya bar gutsattsarin da kulorin ya manne musu, waɗanda wani lokaci sun fi rinin illa. Wannan kuma na'urar auna launi ba za ta nuna ba. Sai an auna jimillar kabon da ya rage a ruwan, a kuma nemi gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya.

Kwamitin sashe ya amince ya canza taken aikinsa. Maimakon sabon gari mai kashe rini, yanzu yana nazarin yawan ƙarfen da ke sauka daga gawayin a pH daban-daban, da rabon aikin da narkakken ƙarfe ke yi da wanda jikin garin ke yi. Ya koma tanderu yana gasa wani sabon kaso a zafi mafi yawa, yana kuma wanke shi da asid kafin gwaji domin ƙarfen da bai kama da kyau ba ya fita tun da wuri. Kaso biyu na farko duk sun ba da ruwan lemo da fenantirolin, na biyun bai kai na farko ja ba. An ba shi wani rabin yinin a kan EPR bayan aikin Hajji, ya kuma sayi sabuwar kwalbar DMPO ya naɗe ta da takardar alminiyom, ya rubuta sunansa a jiki da Larabci da boko. Buhun ƙwallon dabinon saura kusan rabi, yana ƙarƙashin teburina.